Wai Karanta Zuciyar Doki Na Nuna Wanda Zai Ci Sukuwa?

A Amurka akwai wata sana'a da ta samu kasuwa a 'yan shekarun nan. Masu ita sukan zauna su yi ta kallon bidiyon sukuwa, suna nazarin yadda doki ke karkaɗa kunne da yadda yake ratsa 'yan'uwansa, daga nan su yanke hukunci: wannan jagoran garke ne, wancan mabiyi ne, wannan kuwa zuciyarsa ba ta ɗaukar matsi. Attajirai na biyansu kafin su sayi doki. Tunda wayar salula ta kawo irin wannan zance har majalisun masu dawaki a Tambuwal da Kebbe, na ga ya dace mu auna shi kafin ya shiga aljihunmu.

Ba na musun cewa doki na da hali. Tambuwal gari ne da ya tashi a matsayin ribaɗi a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kuma ƙasar da ta ga zamanin mayaƙan dawaki ba ta buƙatar wani ya zo daga ƙetare ya sanar da ita cewa akwai doki mai tsoro, akwai mai gardama, akwai mai zuciya. Kowane yaron doki ya san haka. Shakkata tana kan tsallen da ake yi daga "na fahimci halinsa" zuwa "na san zai ci".

Tarihi ya taɓa ba da darasi a kan wannan. A birnin Balin na Jamus, wani malamin lissafi mai suna Wilhelm von Osten yana da doki da ake kira Hans, wanda aka ce yana amsa tambayoyin lissafi ta hanyar buga ƙafa. A 1904 wani kwamiti na mutum 13 ya bincika, ya ce bai ga maguɗi ba. Sai masanin halayya Oskar Pfungst ya sauya salon gwajin. Ya gano cewa in mai tambaya bai san amsar ba, ko in doki ba ya ganinsa, Hans yakan ruɗe. Ashe dokin yana lura ne da ɗan motsin jiki da fuskar mai tambaya, ya tsaya da bugu daidai inda ya ga alamar. Pfungst ya wallafa sakamakon a 1907. Mutanen suna zaton suna karanta zuciyar doki, alhali dokin ne ke karanta tasu.

Matsala ta biyu ita ce fassara bayan an gama. In doki ya ci, sai a ce ai jagora ne. In ya faɗi, sai a ce cunkoso ya dame shi ran nan. Bayanin da ke da mafita ko ta ina sakamako ya faɗa, ba shi da bambanci da duba. A gasar Kentucky Derby ta 2022, wani doki mai suna Rich Strike ya samu gurbi ana gobe sukuwa, saboda an janye wani. Kasuwa ta ƙiyasta damarsa a kan 80 da 1, amma shi ya zo na ɗaya. Bayan nasara kowa na iya hango jarumtaka a idonsa. Abin tambaya shi ne: mutum nawa suka rubuta haka kafin a saki dawaki?

Abin da ke kai doki gaba galibi abu ne da ake iya aunawa: huhu, bugun zuciya, tsawon taki, lafiyar kofato da jijiya, nauyin mahayi, yanayin fili. A 2010 Emmeline Hill da abokan aikinta a Dublin sun nuna cewa bambanci a wata ƙwayar gado mai suna myostatin yana da alaƙa da ko doki ya fi dacewa da gajeren zango ko dogo. Wannan da'awa ce da wani zai iya sake gwadawa ya ƙaryata, kuma nan ne darajarta take.

Adalci ne in faɗi cewa nazarin halayyar doki na da amfani na gaske. A 2014 masana sun fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskar doki: kunnuwa da suka koma baya, ido da ya ƙanƙance, laɓɓa da suka ɗaure. A 2015 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila suka tantance motsin fuska iri 17 da doki ke yi. Wannan ilimi yana taimaka wa mai doki ya gane dabbarsa na shan wahala. Bai yi alkawarin faɗin wanda zai ɗauki kofi ba.

A nan ne haɗarin yake a gare mu. Dokin da ke tirjiya a bakin fili, ko yake cizon linzami, sau da yawa sirdi ne ya ji masa rauni, ko haƙori ke damunsa, ko gyambon ciki, ko sammore ya fara cinsa. In aka lakaba masa "raunin zuciya", sai a ƙara masa bulala ko a sayar da shi da asara, alhali likita yake buƙata. Ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ba ta yi mana nisa ba. Mun daɗe da dillalan da ke ɗaga farashi ko su karya shi saboda launin gashi ko farin ƙafa. Kada mu sake sayen tsohon camfi don kawai ya sanyo rigar boko.

Shawarata ga duk mai barga ita ce: wanda ya ce yana karanta zuciyar doki, a ba shi takarda ya rubuta hasashensa kafin sukuwa, a gaban shaidu. A yi haka sau ashirin ko talatin, sannan a kwatanta da hasashen tsohon yaron doki da ke kwana a gindin turke. In ya fi shi, a biya shi da murna. In bai fi shi ba, kuɗin ya tafi ga harawa, dusa, kanwa da allurar likita. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma zuciyar doki ta fi birin nisa.