Sunan aro, aikatau na gida: kalmomin wankin karbirater a Ɗan Kassari

1. Gabatarwa

Garin Ɗan Kassari yana kan babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kusa da iyakar Najeriya. Saboda haka kalmomin aro daga Faransanci da na Ingilishi suna haɗuwa a rumfar mai gyaran moto. A wannan maƙala mun ɗauki aiki ɗaya, wato cire karbirater na tsohon moto, irin Yamaha Mate, da wanke shi, domin mu ga abin da Hausa ta ara da abin da ta riƙe.

2. Yadda aikin yake

Karbirater shi ke gauraya iska da mai kafin su shiga inji, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. Ƙurar hunturu, da tsatsar tanki, da dattin man kwalba su ke toshe ƙananan ramukansa.

Mai gyara yakan rufe mai, ya zare tiyo, ya kwance abin da ya riƙe karbirater tsakanin matatar iska da inji. Sai ya buɗe murfin sama ya zaro allura, ya cire kwanon ƙasa inda mai ke taruwa. A ciki akwai fuloter, wanda ke tashi bisa mai ya rufe hanya idan kwano ya cika, da jikiler biyu: babba, da na ralanti. Yakan wanke su da mai, ya hura, ya ɗaga sama ya ga ko haske yana ratsawa. Ba a soka musu waya, don ƙarfensu mai taushi ne: in rami ya buɗe, moto ya dinga shan mai, buji ya yi baƙi.

3. Sunaye

Abu ɗaya yakan sami suna biyu, na farko daga Faransanci, na biyu daga Ingilishi:

(1) karbirater / kafireto
(2) buji / fulogi
(3) esansi / fetur
(4) kile / sufana

Dukansu sun bi tsarin gaɓar Hausa, wadda ba ta farawa da baƙi biyu a jere. Don haka ake saka wasali a tsakani: clé ya zama kile, gicleur ya zama jikiler, kamar yadda ya faru ga fulogi da sufana. Wasalin u na Faransanci kuwa yakan koma i, kamar a biro da karbirater.

4. Aikatau

Idan muka sake duba sashe na 2, za mu ga ba aikatau ko ɗaya na aro: rufe, zare, kwance, cire, wanke, hura, toshe. Kuma kowane yana da iyakarsa. Ana kwance abin da aka ɗaure ko aka murɗa, ana zare abin da ya shige cikin wani. Yaron da ya zare inda ya kamata ya kwance, ya ɓata zaren bis. Giredin aikatau ma yana aiki: zaro yana nuna fitowa wajen mai yi, hure yana nuna an gama sarai. Ke nan sanin sana'ar cikin aikatau yake.

5. Kammalawa

Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasar Nijar, batun rubuta littattafan koyon sana'a da Hausa ya taso da ƙarfi. A ganinmu, ƙirƙiro wa jikiler sabon suna ɓata lokaci ne, domin yaron gareji ba zai sayo shi a kanti da wannan suna ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta sunayen biyu gefe da gefe bisa ƙa'idar rubutu ta 1999, a mai da hankali ga tattara aikatau daga bakin masu gyara.