Karatun adabi, fasaha da ɗabi'un al'ummu a jami'a: abin da ya kamata ku sani

Lokacin cike fom ɗin JAMB, yaron da ya ce adabi ko tarihi ko falsafa yake so ya karanta yakan sha tambaya a gida: to, in ka gama me za ka zama? Tambayar tana kan hanya. Sai dai kafin a amsa ta, ya kamata a fara sanin abin da ake koyarwa a ajin.

Wane irin karatu ne?

Karatu ne na abin da ɗan Adam ya faɗa, ya rubuta, ya rera, ya zana ko ya gina, da dalilin da ya sa ya yi shi. Adabi shi ne maganar hikima ta al'umma, ta baka da rubutacciya: tatsuniya, waƙa, karin magana, ƙagaggen labari, wasan kwaikwayo. Fasaha ta haɗa zane, sassaƙa, kiɗa, rini da adon gini. Falsafa kuwa bin diddigin tambaya ce da hujjar hankali, kamar a ce mene ne adalci, ko me ya sa cin amana ya zama abin ƙi a wurin kowa.

A yawancin jami'o'in Najeriya ba a haɗa su duka a digiri guda. Sashe ɗaya za ka shiga: Hausa, Larabci, Turanci, Faransanci, tarihi, falsafa ko wasan kwaikwayo, sannan ka riƙa ɗaukar wasu darussa a sassan da ke maƙwabtaka da naka. Zane da sassaƙa wani lokaci sukan faɗa wata tsangayar dabam, kamar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda suke tare da masu karatun tsara gine-gine.

Me ya kawo al'adun wasu ciki?

Nan ne daɗin karatun yake. Akwai abin da malamai ke kira nazarin kwatance, wato a ɗauko aikin wata al'umma a ajiye kusa da na wata, a duba inda suka haɗu da inda suka rabu.

Ɗauki Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930. Da yawanmu mun karanta shi muna ganin komai nasa daga ƙasar Hausa ya tsiro. Manazarta sun bi sawun labaransa, suka tarar wasu daga Dare Dubu da Ɗaya suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamus. Ita kanta dabarar sa aku ya riƙa ba da labari don ya tsare mutum kada ya fita, akwai irinta a wani tsohon littafin Indiya. Wannan bai rage wa Imam daraja ba. A aji za a nuna maka me ya ɗauka, me ya zubar, yadda ya sauya sunaye da garuruwa da halaye har labarin ya zauna daram a fadar sarkin Hausa. Wanda ya ga haka ya san gwanintar Imam fiye da wanda ya karanta don nishaɗi kawai.

Ga kuma Mariama Bâ, marubuciya daga Senegal. A littafinta na 1979, wanda ta rubuta da Faransanci, wata mata ce tana zaman takaba take rubuta wa ƙawarta doguwar wasiƙa, tana ba ta labarin yadda mijinta ya auro ƙawar 'yarsu ya juya mata baya. Ɗaliba daga Kano ko Maraɗi ba ta buƙatar a yi mata bayanin takaba ko kishiya, amma za ta ga yadda wata Musulma a wata ƙasa ta auna haƙuri da mutunci. Ko a koma Girka, fiye da shekara 2,400 da suka wuce, inda Sophocles ya rubuta wasan Antigone: sarki ya hana a binne ɗan'uwan Antigone, ita kuma ta ce haƙƙin mamaci ya fi ƙarfin dokar sarki. Wa ke da gaskiya? Aji guda zai iya cinye awa biyu a kan wannan, kowa na kawo hujjarsa.

Mu ma an yi nazarinmu. A 1974 Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya yi aikin mulki a Arewa, ya wallafa nazari kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya jero halaye irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da ladabi. Ɗalibi zai karanta, ya duba ko Baturen ya dace, ya kuma nemo abin da ya tsallake.

Ba zai taɓa mini addini ko tarbiyya ba?

Iyaye da yawa wannan ce damuwarsu, kuma ba a raina ta. Gaskiya ne za ka karanta mutanen da ba su yi imani da abin da ka yi imani da shi ba. Amma ba a ce ka bi su ba. Abin da ake nema shi ne ka iya faɗin ra'ayin mutum daidai yadda shi zai yarda haka ya ce, sannan ka amsa masa da hujja. A ganina wannan tarbiyya ce babba, musamman yanzu da ake yanke wa mutum hukunci a Facebook kafin a kai ƙarshen abin da ya rubuta. Magabatanmu ma ba a harshe ɗaya suka tsaya ba. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Yaya karatun yake tafiya?

Shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Mai takardar NCE yakan fara daga aji biyu. Aikin duka karatu ne da rubutu, kuma da yawa. Idan ganin littafi mai shafi ɗari uku yana sa ka hamma, ka sake tunani tun yanzu. A shekarar ƙarshe za ka rubuta kundin digiri, wato bincike naka na kanka ƙarƙashin kulawar malami. Wani zai zauna da makaɗi yana naɗar waƙoƙinsa, wata ta je marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wani ya duƙufa a kan tsofaffin takardu a Arewa House da ke Kaduna. A Nijar, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da tsangayar adabi, kuma digirin farko a can shekara uku ne.

Me ake buƙata, nawa kuma za a kashe?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci. Mai son karanta Turanci sai ya haɗa da kiredit a adabin Turanci. Kuɗin rajista ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma ya tashi sosai a jami'o'in tarayya da dama a 2023, amma galibi na waɗannan sassa bai kai na likitanci ko injiniya ba. Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban makarantun gwamnati bashin karatu. Ka ware kuɗin littattafai da na data.

To, aikin fa?

Ba wanda zai yi maka alkawarin ofis ranar da ka gama hidimar ƙasa. Ƙofofin da aka saba shiga su ne koyarwa, aikin jarida da rediyo, fassara, gyaran rubutu a kamfanonin ɗab'i, rubuta labarin fim, gidajen tarihi da ƙungiyoyin agaji. Fassara ta fi samun kasuwa a wurin wanda ya ƙware a harsuna biyu da gaske, ba wanda ke jin su sama-sama ba. Don haka tun kana aji ɗaya ka riƙe wani harshe bayan naka, ka koyi aiki da kwamfuta, ka riƙa tara abin da ka rubuta ko ka fassara, domin mai ɗaukar aiki shi zai ce ka nuna masa.

Kafin ka cike fom, buɗe kundin bayanin kwasa-kwasai na JAMB ka duba darussan da sashen da kake so ya gindaya, domin sharaɗin Jami'ar Bayero ba lallai ya zama na Jami'ar Danfodiyo ba. In da hali, nemi wani ɗan aji uku a sashen ya nuna maka jerin littattafan da suka karanta bara.