Sayen Keken Ɗinki Na Gida: A Gwada Kafin A Biya

Da zarar kaka ta yi, an zuba hatsi a rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, mutane da yawa sukan nufi kasuwa neman keken ɗinki. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Birnin Ƙonni haka abin yake, balle Yamai. Wani magidanci ne yake son ya saya wa maiɗakinsa, ta huta da kai ɗinkin yara wurin tela. Wata uwa ce take haɗa kayan ɗakin ɗiyarta. Wata kuwa ta ƙare koyon ɗinki a gidan koya wa mata sana'a, ta kwashi adashin da ta shekara tana zubi, tana son ta kama aiki a cikin ɗakinta.

Ga irin waɗannan mutane keke jari ne, kuma sau da yawa shi ke nan jarin da suke da shi. In an dace, keke ɗaya yakan yi wa uwa aiki, ya yi wa ɗiya, har jika ta gaje shi. In ba a dace ba, kafin wata shida ya zama teburin ajiye kwanuka, kuɗin shekara guda sun tafi. Abin da ke raba waɗannan biyu yawanci yana faruwa ne a ranar saye, a cikin sa'a guda da mai saye ya yi a bakin kanti. Teloli da masu gyara sun haɗu a kan magana ɗaya: keke nagari shi ne wanda aka gwada kafin a biya, kuma wanda ake samun kayan gyaransa a garin da za a yi aiki da shi.

Inda keken ya fito

Sanin asalin keke yana taimakon mai saye ya gane abin da ke gabansa. A shekarar 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya sami takardar mallakar wani keke da ya ƙera. Ya buɗe ma'aikata a Paris mai keke 80 domin ɗinka kayan soja, amma a 1831 teloli masu ɗinkin hannu suka far mata suka farfasa kekunan, don tsoron kada a raba su da abincinsu. A Amurka, Elias Howe ya sami tasa takardar a 1846, a kan keke mai ɗinki da zare biyu, na sama da na ƙasa, suna ƙullewa cikin ƙyalle. Irin wannan ɗinki ne kekunan gida suke yi har yanzu. Isaac Singer ya biyo baya a 1851, kuma kamfaninsa ne ya shigar da keke gidajen talakawa, domin tun 1856 ya fara sayarwa a biya kaɗan kaɗan.

Baƙin keken ƙarfe mai zanen ruwan zinariya, wanda kowa ya sani a rumfunan teloli, ya samo fasalinsa ne daga wani samfurin Singer mai lamba 15, wanda aka fara ƙerawa tun ƙarshen ƙarni na 19. Bayan yaƙin duniya na biyu ma'aikatun Japan suka yi ta ƙera irinsa, haka ma na Sin da Indiya. Butterfly na Shanghai da Usha na Indiya duk daga wannan gida suka fito. Wannan yana da amfani babba ga mai saye: allura da kwarkwaro da ƙoshiya na yawancin waɗannan kekuna suna shiga na juna, kuma da wuya a sami babbar kasuwa a kudancin Nijar da babu mai sayar da su.

Tsofaffin kekunan Singer masu harafin K bayan lambarsu, kamar 15K, an ƙera su ne a ma'aikatar Clydebank ta ƙasar Sikotlan, wadda aka rufe a 1980. Saboda haka duk wanda ya nuna keke dal a cikin kwali ya ce jiya ya fito daga wannan ma'aikata, to, maganarsa ba ta kan hanya.

Aikin ne ke zaɓen keke

Kafin a tashi daga gida, sai a fara sanin aikin da keken zai yi da wurin da zai zauna. Kekunan gida iri uku ne.

Na farko shi ne keken hannu, wanda ake juyawa da hannun dama. Ya fi araha, ana ɗaukarsa a ajiye a kan tabarma ko a kan ɗan tebur, ya isa facin kayan yara da ɗinkin zane da ɗan kwali. Aibinsa shi ne hannu ɗaya kaɗai ke riƙe ƙyalle, kuma ba ya da sauri.

Na biyu shi ne keken ƙafa. Shi ne abokin mai son ta yi ɗinkin kuɗi, domin hannu biyu suna kan ƙyalle, kuma bai damu da kuran ba. A ƙauye, ko a unguwar da wuta ke yawan ɗaukewa, babu kamarsa. Ranar da hali ya samu, ana iya ɗaura masa ɗan inji na lantarki, a bar igiyarsa a wurinta don ranar da wuta ta tafi.

Na uku shi ne keken lantarki. Yawancin irinsa suna yin ɗinkin zigizagi, suna kama bakin ƙyalle kada ya zare, suna fid da ramin maɓalli. Amma a nan akwai wurin lura. Wutar Nijar volt 220 ce. Tsofaffin kekunan da ke shigowa daga Turai sun dace da ita, na Amurka kuwa an yi su ne don volt 110 zuwa 120, in aka sa su a wuta ba tare da na'urar rage ƙarfi ba, injin ya ƙone nan take. Ana rubuta wannan lamba a jikin injin, sai a karanta. Kekuna marasa nauyi kuma, masu jikin roba, da yawansu haƙoran da ke juya su a ciki ma na roba ne. In ɗaya ya karye a kan ɗinkin kaki ko shadda mai kauri, samun madadinsa a Tasawa ko Madawa aiki ne. Waɗanda ke da ɗan allo irin na kwamfuta sun fi kowanne kyan gani, amma ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar da ke hawa tana sauka ba su bar su lafiya ba, kuma masu iya gyaransu kaɗan ne.

Akwai kuma manyan kekunan ma'aikata, irin su Juki, masu saurin da ya kai ɗinki 5000 a minti ɗaya. Waɗannan na shagon tela ne mai yara da yawa. Allurarsu ma daban take da ta keken gida. Mai ɗinkin iyali da na maƙwabta ba ta da bukatarsu.

Sabo ko tsoho

Tun da aka rage darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan da ke zuwa daga waje suka yi tsada, mutane da yawa suka koma ga tsofaffin kekuna. Wannan ba abin kunya ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Keken ƙarfe da ya shekara 40 a hannun mai kula da shi yakan fi sabon da aka ƙera da gaggawa. Sai dai tsoho yana da nasa haɗari: wani ya ci aiki a rumfar tela har ƙarafansa sun sassauta, aka shafa masa baƙin fenti, aka manna masa sabon zane.

Sabon ma ba a sakin jiki da shi. Sunan da ke jikin keke fenti ne, kowa yana iya rubutawa, kuma kama da wane ba ta wane. Ana samun kekuna biyu masu suna ɗaya, zane ɗaya, amma ɗaya ƙarfensa sumul, ɗayan kuwa gautsi gare shi, kusoshinsa suna lalacewa tun ɗaurin farko. Ido kaɗai ba ya raba su, sai hannu da kunne.

Gwaji a bakin kanti

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya tafi da tela ko mai gyaran keke wanda ya yarda da shi, ya ba shi goronsa, ya fi ya dogara da dillalin da ladansa ke hannun mai kaya. Ya tafi kuma da zarensa da ƙyallaye iri uku: mai laushi, da atamfa, da mai kauri irin kaki. Ga abin da za a duba.

A juya ƙafar hannu ta keken a hankali zuwa wajen mai juyawa. Ya kamata ta yi ta tafiya sumul, ba tare da ta cije a wani wuri ba. A kama ƙarfen da ke riƙe allura a girgiza shi. In yana motsi hagu da dama, keken ya gaji, zai riƙa karya allura. A kwantar da kan keken a duba ƙarƙashinsa, a nemi tsatsa, ko tsaga, ko wurin da aka yi walda. A fid da ƙoshiya a shafa bakinta da yatsa: in ya dakushe ko yana da kaushi, zai riƙa yanke zare.

Daga nan sai a ɗinka. A fara da ƙyalle mai laushi, a bi da atamfa, sannan a ninka kaki huɗu a ga ko keken zai haye shi ba tare da tsallake ba. A juya ƙyallen a duba bayansa. Ɗinki mai kyau gaba da baya kamarsu ɗaya, ƙullin zaren ya ɓuya a tsakiyar ƙyalle. In zare ya yi dambu a ƙasa, mai yiwuwa na sama ne bai ɗauru daidai ba, a sake zura shi, a ɗan ƙara matse shi. In an yi haka dambun bai daina ba, a bar keken nan, a nemi wani. A gwada ƙaramin ɗinki da babba, a gwada komawa baya in keken yana da shi, a gwada wurin naɗa zare a kwarkwaro. A kuma saurara: keke lafiyayye amonsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wanda ke ƙwanƙwasa kuwa akwai abin da ya saki a cikinsa.

In keken ƙafa ne, a duba ƙafafunsa, domin irin ƙarfensu yakan tsage in mota ta wahalar da shi a hanya. A duba teburin, in katakon garin itace ne da aka matse, damina ɗaya ta isa ta kumbura shi. In na lantarki ne, a bar shi ya yi aiki na ɗan lokaci, a taɓa injin a ji ko ya yi zafi fiye da kima, a shinshina ko akwai ƙauri.

Mai kayan da ya hana a gwada, ko ya ce a kai gida tukuna in bai yi ba a maido, ya riga ya ba da amsa. Gani ya kori ji.

Kafin a miƙa kuɗi

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi: in abu ya lalace, ina za a samu, kuma wa zai gyara? Kafin a biya, a zaga rumfunan masu kayan keke a garin, a nuna musu ƙoshiya da kwarkwaro da allurar keken, a ji ko suna da irinsu. Allurar kekunan gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindinta, ana rubuta 130/705H a jikin takardarta. In keken yana cin wannan allura, mai shi ba zai rasa ta ba.

Sannan a karɓi takardar saye mai ɗauke da sunan mai kanti, da kwanan wata, da kuɗin da aka biya, da lambar da ke buge a jikin keken. In an yi alkawarin garanti, a rubuta wata nawa ne, da abin da ya ƙunsa. Wannan takarda ita ke kare mai saye in keken ya fito da aibi, ita ke kare shi kuma in wata rana aka ce keken na sata ne. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci sun san amfanin wannan. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da wanda ya iya. A ƙirga ƴan kayan da ke biyo keke: kwarkwaro, abin kwance kusa, ɗan gwangwanin mai da igiya. Wanda ke da hali ya guji saye a cikin kwanakin gab da Salla, domin a lokacin masu gyara da teloli ba su da sukunin raka kowa kasuwa.

Bayan keke ya shiga gida

Ko keken da aka zaɓa da kyau yana mutuwa a hannun wanda bai kula da shi ba. Babban maƙiyinsa a wannan ƙasa ƙura ce. A ɗinka masa riga a riƙa rufe shi in an gama aiki. Lokaci lokaci a buɗe farantin da ke ƙarƙashin allura a share gashin ƙyalle da ya taru a haƙora. A ɗiga masa mai a ramukan da aka tanada, ɗigo ɗaya ɗaya, kuma man keke kaɗai, fari mai ruwa ruwa. Man gyaɗa yakan daskare ya zama danƙo ya riƙe keken, baƙin man mota kuwa ya ɓata tufafin mutane.

A riƙa daidaita allura da ƙyalle. Lamba 70 ko 80 ta ƙyalle mai laushi ce, 90 ta atamfa, 100 ko 110 ta kaki da makamantansa. A wasu takardun akan rubuta 14 maimakon 90, 16 maimakon 100, abu ɗaya ne. Allurar da ta dakushe ko ta lanƙwashe a jefar da ita. Yawancin abin da ake kai wa mai gyara, ana cewa keke ya lalace, tsohuwar allura ce, ko zare marar kyau, ko ƙura.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Matar da ta zauna awa guda a bakin kanti tana gwada keke da ƙyallayenta, ta koma gida da takardar saye a hannu, ta san kuma rumfar da za ta sami ƙoshiya in tata ta gaji, ita ce za a tarar bayan shekara goma tana ɗinka wa yaran unguwa kayan Salla da na lakwal a kan wannan keken.