Fantrainer: Jirgin da aka daina ƙerawa amma masoyansa sun ƙi haƙura

Ku kwatanta jirgin sama mai kujera biyu wanda fankarsa ba a hanci take ba. Tana bayan matuƙi, a tsakiyar jikin jirgin, cikin wani zobe kamar bakin ganga. Sunansa Fantrainer, kuma kamfanin Rhein-Flugzeugbau na ƙasar Jamus ne ya ƙera shi. Ya fara tashi a 1977.

Me ya kawo wannan siffa? Tsada. Koyar da matuƙin jirgin yaƙi a jirgin jet na cin mai kamar ba gobe. To sai injiniyoyin suka ce, mu yi jirgin da ɗalibi zai ji tamkar jet yake tuƙawa, amma shan mansa na ƙaramin jirgi ne. Tunda fanka na baya, gaban matuƙi fayau yake, sannan zoben na rage irin fizgar da farfela ke yi wa jirgi gefe guda.

Sojan saman Jamus sun gwada shi, amma ba su saya ba. Tailan ce ta yi oda a 1982, guda 47, aka harhaɗa mafi yawansu a can. Cikin shekarun 1990 aka ajiye su. Shi ke nan, kasuwa ta watse.

Sai dai masoyansa ba su watse ba. A 2010 wani kamfanin Jamus, Fanjet Aviation, ya sayi takardun zane da kayan ƙirar jirgin da nufin dawo da shi da sunan Fanjet 600. Hujjarsu ita ce mai na ƙara tsada, kuma matsalar da aka ƙera shi dominta na nan daram.

Amma fa jama'a, so kaɗai ba ya tada jirgi. Ana buƙatar kuɗi masu kauri, da lasisin hukumomin jiragen sama, da mai saye da zai sa hannu. Ga kuma irin su Pilatus PC-7 da Tucano da suka daɗe da kama kasuwar.

Abin da ya fi burge ni shi ne an adana zanen. Ba don haka ba, da ko maganar farfaɗowa ba za a yi ba. Don haka kai mai ƙera ƙaramin jirgi ko na'ura kana ɗorawa a TikTok, bayan bidiyon, ka rubuta awo da lissafinka ka ajiye. Wata rana wani zai nema.