Saukar da Baƙin Taro a Illo: Darasi daga Zangon Fatake

Duk wanda ya san tarihin Illo, tsohon garin ƙasar Borgu da ke kusa da gaɓar Kogin Kwara, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi a yau, ya san cewa saukar da jama'a mai yawa a dare guda ba baƙon al'amari ba ne ga mutanensa. A ƙarni na 19, fatake masu neman goron Gwanja, bayan sun baro Kano ko Sakkwato sun ratso Jega, da yawansu a wannan yanki suke ƙetare kogi, su yada zango da jakunansu da hajarsu, kafin su nufi Kandi da Jugu har Salaga.

Wannan sauka kuwa tana da nizami. Madugu ya san adadin mutanen ayarinsa da dabbobinsu. Fatoma, wanda gidansa ne masauki, shi ke ɗaukar amanar kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya wa baƙonsa idan husuma ta taso, shi ma ya san la'adar da za ta shigo hannunsa. Da yake kowa ya san haƙƙinsa da wajibinsa tun kafin a kwance kaya, sai zumunci ya ɗore, har ɗa ya gaji masaukin ubansa.

Yau ayari ya wuce, amma taro yana nan: wa'azi, Maulidi, ɗaurin aure, naɗin sarauta, da zaman jami'an hukuma. Mahalarta na zuwa daga Birnin Kebbi da Ka'oje, wasu kuma su shigo ta Lolo ko Tsamiya daga Malanbil da Segbana na Jamhuriyar Benin, tun da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar izinin zaman kwana 90 ba tare da biza ba. Abin takaici shi ne, sau da yawa masu gayya sukan ƙare himmarsu a kan rumfa da lasifika da tukunya, su bar maganar makwanci sai bayan isha'i, sa'an nan a shiga rarraba dattawa cikin zaurukan maƙwabta da azuzuwan makaranta.

Maganin wannan shi ne a naɗa kwamitin masauki tun ranar da aka tsai da taro, ya nemi kowace tawaga ta aiko da adadinta, maza nawa, mata nawa, tsofaffi da marasa lafiya nawa, domin a keɓe wa mata wurinsu, a ajiye masu rauni kusa da filin taro, a tabbatar da ruwan alwala da makewayi kafin a ƙirga tabarmi. Idan gidajen gari ba za su wadatar ba, a kama ɗakunan haya a dunƙule, gama mai kama goma ya fi mai kama ɗaya bakin neman rangwame.

A nan fiƙihu ya riga ya share mana hanya, domin sharaɗin ingancin ijara shi ne a san ujura, a san muddar zama, a kuma san abin da aka yi hayarsa, don a kauce wa garari. Saboda haka a rubuta kuɗin kowane dare, da ranar shiga da ta fita, a fayyace ko da naira za a biya ko da sefa, tun da canji ba ya zama wuri guda. Game da kafin alƙalami, malaman Malikiyya sun hana wanda mai gida zai cinye idan an fasa, sun halatta wanda ake lissafawa cikin kuɗin haya, a mayar idan ciniki bai tabbata ba. Ya kamata a sanar da ɓangarorin biyu wannan hukunci gaban shaidu.

Shari'a ta sanya liyafar baƙo kwana 3, ta kuma haɗa girmama shi da imani. Muna kira ga hakimai da limamai da shugabannin ƙungiyoyi na ƙasar Illo, kada su yarda a buga takardar gayyata sai an san inda kowane baƙo zai kwana.