Waƙar da Ta Cika Gari Amma Ba Ta Shiga Lissafi Ba

A ƙarshen watan Maris na 1986, wani mawaƙi ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Falco ya hau saman jadawalin waƙoƙin Amurka na mujallar Billboard da waƙarsa "Rock Me Amadeus". Da Jamusanci ya rera yawancin baitocinta, kuma akasarin Amurkawan da suka yi ta tiƙar rawa da ita ba su san me yake faɗa ba. Mako uku ta yi a lamba ta ɗaya, kuma har yau babu wata waƙar Jamusanci da ta sake kai wannan matsayi a can. Kafin shi, a 1984, mawaƙiya Nena ta ƙasar Jamus ta tsaya a lamba ta biyu da "99 Luftballons".

Wannan ya nuna cewa harshe ba ya tare wa waƙar rawa hanya. A 2020 "Jerusalema" ta Master KG da Nomcebo Zikode, wadda aka rera da harshen Zulu, ta kai lamba ta ɗaya a Beljiyam da Suwizalan. To me ya sa waƙoƙin Hausa, masu miliyoyin masu sauraro daga Kano zuwa Maraɗi, ba a cika ganin su a irin waɗannan jadawalai ba?

Amsar tana cikin yadda ake lissafin. Masu haɗa jadawali ba sa auna daɗin waƙa, abin da suka iya ƙirgawa kawai suke jerawa. A zamanin Falco, faifan da aka saya a kanti da yawan sanya waƙa a gidajen rediyo ake haɗawa. Yanzu an ƙara da yawan sauraro ta intanet a manhajoji irin su YouTube, Spotify, Audiomack da Boomplay. A Najeriya ma tun 2020 kamfanin TurnTable yake fitar da jadawalin mako-mako a kan irin wannan tsari. Duk sauraron da bai bi ta waɗannan ƙofofi ba, a wurinsu kamar ba a yi shi ba.

Mu duba yadda waƙa take yawo a kudancin Kano. Matashi a Bebeji ko Kiru da ya ji sabuwar waƙa ba ya ƙona datarsa a kanta kullum. Wurin mai tura waƙoƙi zai je, wanda sau da yawa shi ne mai cajin waya, ya ba da ɗan kuɗi a cika masa memori. Daga nan waƙar ta shiga wayar abokinsa ta Xender ko Bluetooth. Ɗan acaɓa ya sa ta a Kwanar Dangora, direba ya ratsa dajin Falgore da ita zuwa Doguwa, mai kiɗan biki ya sake ta a Tudun Wada, 'yan mata su cashe. Saukewa ɗaya daga intanet tana iya shiga kunnuwan gari guda, amma a lissafin manhaja mutum ɗaya ne ya ji.

Kowa ya tuna yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa a 2020, lokacin kullen korona, har matan aure suka riƙa ɗora bidiyon rawarsu aka yi ta ka-ce-na-ce. Haka "Warr" ta Ado Gwanja ta yi a 2022. Abin da aka gani na adadin masu kallonsu a intanet wani yanki ne kawai na waɗanda suka ji su.

Asarar ba ta suna kaɗai ba ce. Manhajoji suna biyan mawaƙi ne gwargwadon yawan sauraro, kamfanonin talla kuma alƙaluma suke dubawa kafin su ɗauki mutum. Mawaƙin da ba shi da alƙaluma dole ya dogara da liƙi a wurin biki ko waƙar 'yan siyasa. Mai ba ka abinci kuwa shi ke zaɓa maka abin da za ka rera.

Gyaran yana hannun ɓangarori uku. Mawaƙi, ko ɗan ƙauye ne, ya ɗora waƙarsa a manhajojin da sunansa kafin ya saki kwafi ga masu turawa, don kada wani ya riga shi ya ci guminsa. Gidajen rediyon Kano su riƙa adana bayanin waƙoƙin da suka sanya, su fitar da jadawalinsu na mako wanda kowa zai iya tantancewa. Mai sauraro kuma, duk ranar da yake da data, ya nemi waƙar a shafin mai ita maimakon shafin ɗan kwafi. Masu tura waƙoƙi ma ba abokan gaba ba ne: su ne suka fi kowa sanin abin da ake nema a kowace kasuwa, kuma da za a riƙa tattara bayanansu duk mako, da an samu jadawalin da ya fi kowanne faɗin gaskiyar abin da Bahaushe yake saurare.