Kwabo Mai Launi da Hukuncin Masu Tantancewa

A ƙasar Amurka, tara tsofaffin kuɗin ƙarfe sana'a ce da ta daɗe da kafuwa, har tana da malamanta da littattafanta da dillalanta. Kuma tun da hotunan waɗannan kuɗi suka fara yawo a wayoyin jama'a tare da labarin tsadar da suke yi, sai ga mutanenmu da dama sun shiga tonon adakar kakanni suna neman anini da kwabo mai huji, kowa yana zaton arziki ya kwana a ɗakinsa. Saboda haka ya kyautu a bayyana yadda al'amarin yake a wurin ma'abotansa, musamman game da kwabon jan ƙarfe wanda ya rine da launuka, domin shi ya fi ɗaukar ido, kuma a kansa shubuha ta fi yawa.

Jan ƙarfe ba ya dawwama a kan kamannin da aka buga shi da su. Ran da ya fito daga gidan buga kuɗi ja ne mai sheƙi, amma iska da laima da farar wutar da ke cikin takarda ko kwali suna ta aiki a kansa sannu a hankali, har su shimfiɗa masa wata fata siririya wadda ido ba ya gane kaurinta. Idan haske ya faɗa mata, wani sashe ya komo daga samanta, wani daga ƙarƙashinta, sai a ga shuɗi da shunayya da algashi suna wasa a fuskar kwabon, gwargwadon kaurin fatar a kowane wuri. Kwabban musamman na Amurka masu hoton Lincoln, waɗanda aka buga domin masu tarawa daga 1909 zuwa 1916, sun shahara da irin wannan launi, saboda gidan buga kuɗin ya sayar da su a naɗe cikin takarda mai farar wuta, suka yi shekara da shekaru a cikinta.

Masu yanke hukunci a kan darajar kwabo kamfanoni ne, manyansu biyu: PCGS, wanda aka kafa a Kalifoniya cikin 1986, da NGC, wanda aka kafa cikin 1987, hedkwatarsa kuma yanzu tana Sarasota a jihar Fulorida. Ma'aunin da suke aiki da shi ya samo asali daga wanda William Sheldon ya tsara cikin 1949, daga 1 zuwa 70, wato daga kwabon da ya suɗe har da ƙyar ake gane shi zuwa wanda ba a sami aibi ko ɗaya a jikinsa ba. Ga jan ƙarfe kuwa suna ƙara hukunci na biyu a kan launi: RD ga wanda kusan duk jansa na asali yana nan, RB ga wanda ya rabu tsakanin ja da ruwan ƙasa, BN ga wanda jan ya gushe. A nan ne mai kwabo mai launi yakan sha mamaki, domin shuɗi komai kyansa ba ja ba ne a wurinsu, sai a rubuta masa BN ko RB, alhali a littattafan farashi RD ne ke sama. Mai saye yana iya ƙara kuɗi don sha'awar launin, amma wannan ciniki ne tsakanin mutum biyu, takardar shaidar kamfanin ba ta lamunce shi ba.

Babbar matsalar ita ce algus. Da yake launi yana jawo kuɗi, an sami maha'inta masu gasa kwabo, ko su turara shi da farar wuta, ko su tsoma shi a ruwan magani, ya yi shuɗi a yini ɗaya. Masu tantancewa sukan juya kwabon a ƙarƙashin fitila, su duba ko launin ya zauna cikin sheƙin ƙarfen yana tafiya tare da shi, ko kuwa yana bisa kamar fenti. Su duba gefen haruffa da lungunan zane, su ga ko launukan sun bi juna a jere yadda daɗewa take kawo su. In ransu bai kwanta ba, sai su rufe kwabon cikin gidansa na roba da shaidar cewa na gaske ne, amma su hana shi lambar daraja, su rubuta cewa launinsa abin tuhuma ne. PCGS yana nuna wannan da lamba 91. Kuɗin aiki kuwa ba a mayarwa. Kuma lalle a sani hukuncin nan ijtihadi ne na 'yan Adam, ba yaƙini ba, don haka kwabon da babu hannun kowa a launinsa yana iya faɗawa cikin tuhuma, wanda aka ƙi yau kuma a karɓe shi in an sake aikawa.

To, kafin mutum ya aika kwabonsa a tantance, sai ya yi lissafi. Akwai kuɗin zama memba ko ladan dillalin da kamfanin ya yarda da shi, da kuɗin kowane kwabo gwargwadon ƙimarsa, da kuɗin aikawa da inshora zuwa da dawowa, duk da kuɗin waje. Kwabon Nijeriya mai huji na 1959, da kwabon 1973 mai hoton rijiyoyin mai, miliyoyinsu aka buga, kuma wanda ya sha hannu a kasuwa ƙimarsa ba ta kai ko kusa da kuɗin tantance shi ba.

Wanda Allah ya sa yana da mai kyau, kada ya kuskura ya goge shi da toka da lemun tsami irin yadda ake yi wa tasa, domin gogewa tana cinye fatar da sheƙin gaba ɗaya, kuma masana suna gane ta da kallo ɗaya. A riƙe shi ta gefe, a ajiye shi inda babu laima, a nisanta shi da leda mai laushi, wadda takan bar masa koren datti. Wanda aka tallata wa kwabo a cikin gidan roba kuwa, ya duba lambar shaidarsa a shafin kamfanin na intanet ya gwada da hoton, domin gidajen ma ana yin jabunsu. Duk wanda kuma ya ce a turo masa kuɗin rajista tukuna kafin ya sayi kwabonka da miliyoyi, ɗan damfara ne, kada ka tura masa ko sisi.